Nono Ba Ya Karya Dafin Maganin Ciyawa

Mu biyar ne a tsakar gida ranar da abin ya faru, kuma zan lissafa mu don kada gobe wani ya ce ji na yi a bakin rijiya. Akwai ni, Tabawa, mutuniyar Maruta. Akwai ɗana, wanda a gari ake ce wa Ɗanlami. Ɗan farina ne, kuma shi kaɗai Allah ya bar mini cikin bakwai da na haifa. Akwai matarsa Rabi, da tsohon ciki, tana tsince shinkafa a faifai. Akwai Malam Sule, ƙanin marigayi mijina, ya shigo aron gatari. Sai Hari, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta sauke ƙwaryarta a gindin darbejiya tana hutawa. Ni ban yi boko ba. Rabi ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana ko da ta yi mata ɗaci.

Sana'ar Ɗanlami da damina feshi ce. Tun da maganin ciyawa ya shigo ƙasarmu, fartanya ta fara tsatsa a bayan ɗaki. Mai gona zai kira shi, ya goya famfo a baya, ya bi kunya-kunya yana fesawa, kafin gobe ciyawa ta ƙone kamar an bi ta da wuta. Ruwan da suke haɗa maganin da shi na kududdufi ne, da laka da tsakuwa, don haka bakin famfon ba ya rabuwa da toshewa. In ya toshe, abin da kowane mai feshi yake yi ɗaya ne: ya kai bakinsa ya hura, in bai buɗe ba ya zuƙa. Da yamma kuma ya sha nono, wai nono na karya dafi. Haka kowa ya sani. Haka ni ma na sani.

Ranar Laraba ce. Ya dawo tun kafin azahar, abin da bai saba ba, gaban rigarsa a jiƙe.

Ya ce, "Inna, yau famfon nan ya yi mini tsiya. Na zuƙa, ashe da sauran iska a cikinsa, ya feso mini har maƙogwaro."

Na ce, "Ka haɗiye?"

"Kurɓi ɗaya ne. Sai dai na haɗa shi da kauri, mai gonar ya ce so yake ciyawar ta mutu yau."

Bai rufe baki ba ya durƙusa a bakin magudana yana amai. Na je na tsaya a kansa na duba, don ni ba na kau da kai daga abu. Shuɗi-shuɗi ne, da wari mai hawa kai.

Malam Sule ya yi dariya ya ce, "Kai ciyawa ne da zai ƙona ka? Tashi, ragon maza."

Hari ta ce, "Ai ga magani a ƙwarya. Allah ne ya tsayar da ni a gidan nan."

Rabi ce kaɗai ta ce, a hankali, "Inna, ko a kai shi Gwaram a duba shi?"

Na ce, "Saboda kurɓi ɗaya za a tada babur? Ki ji da cikinki." Na sa Hari ta auna ludayi huɗu, na tsaya a kansa har ya shanye, na ce ya je ya kwanta. Rubuta wannan yadda na faɗa, Rabi. Ke kika faɗi gaskiya ranar, ni na kwaɓe ki.

Alhamis ya tashi yana cewa maƙogwaro na yi masa zafi. Na ƙara masa nono, Malam Sule ya ce a haɗa da manja, aka haɗa. Juma'a da na ce ya buɗe baki in gani, harshensa ya saɓule kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, miyau ma ba ya haɗiyuwa. Na lura kuma tun safe bai zaga bayi ba. Asabar da asuba na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Nan ne na ce a tada babur ɗin da na hana.

Malam Sule ya tuƙa, Ɗanlami a tsakiya, ni a baya na tare shi. A asibitin Gwaram suka sa masa ruwa leda ɗaya, suka ce wannan aikin na Birnin Kudu ne, kada mu kwana. Malam Sule ya sa mu a mota a tasha ya juya, don gonarsa da tamu duk ciyawa ta taso. Rabi kuma a ranar iyayenta suka zo suka tafi da ita goyon ciki. Ban ga laifin kowa ba. Damina ba ta jiran mai jinya. Amma daga tashar nan har abin da ya biyo baya, ni kaɗai ce.

A Birnin Kudu layin yankar kati ya kai har bakin baranda. Na zaunar da shi a benci na shiga layi. Da na isa taga, ma'aikacin ya ce, "Sunan mara lafiya?"

Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiran sunan yaron nan ba. Ɗan fari ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Na waiga ko zai faɗa da kansa, bakin ba ya buɗuwa. Na waiga ko akwai wani namu, babu.

Na ce, "Ɗanlami ake ce masa."

"Na yanka nake tambaya, Inna. Ga mutane a bayanki."

Wata a baya ta ce, "Baiwar Allah, ko ba ɗanki ba ne?"

Na sunkuyar da kai na faɗa. Bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi. Ba zan ƙara faɗa ba ko a wannan takarda.

Likitan da ya gan mu yaro ne, bai fi sa'an Ɗanlami ba. Ya tambayi sunan maganin. Na ce ban sani ba, shi ma Ɗanlami bai sani ba, don awo ake sayar musu a robar lemo, babu takarda a jiki. Na kwatanta masa launin aman da warinsa. Ya ajiye biro.

"Yaushe ya sha?"

"Laraba."

Ya fara ƙirgawa da yatsu, ya tsaya a na uku. "Me kuka ba shi?"

"Nono."

Na shirya jin faɗa, bai yi ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Inna, maganin nan ba shi da makari. Da a ranar kuka zo, akwai abin da muke ba mutum ya kama dafin tun yana ciki, kafin ya bi jini. Yanzu sai dai mu taimaki ƙodarsa, mu roƙi Allah."

Ba shi da makari. Maganar nan ta zauna mini a kunne har yau.

Aka ba mu gado a ɗakin maza, aka sa masa ruwa da robar fitsari. Makon farko ban san komai ba sai ledar fitsarin da ke rataye a gindin gado. Ina kallonta kamar mai jiran hadari: in ta ɗan taru in ji sanyi, in ba ta taru ba in kasa cin abinci. Kullum gwajin jini, kullum takardar sayo magani, kuma kowace takarda da layinta. Kuɗin da na ƙulla a bakin zane bai kai Talata ba. Na aika wa Malam Sule ya sayar da tunkiyata da 'ya'yanta biyu, ya ba direban motar garinmu ya kawo. Daga baya buhun geron da muka ajiye don suna ya bi su.

Wahalar mai jinya shi kaɗai ba kuɗi ba ce kawai. In ka tafi layi, babu mai zama da mara lafiya. In ka zauna da shi, babu mai bin layi. A nan Allah ya haɗa ni da Maman Bitrus. Kirista ce, mutuniyar wajen Filato, mijinta malamin makaranta ne a Birnin Kudu, yana kwance a gado na uku da namu da ciwon suga a ƙafa. Ni ba mai saurin sabo ba ce, kwana biyu tana gaishe ni ina amsawa a taƙaice. Rana ta uku ta same ni tsaye da takarda a hannu, ina kallon ƙofa ina kallon gado.

Ta ce, "Kaka, tafi abinki. Idona biyu ne, ɗaya na mijina, ɗaya na ɗanki."

Tun daga ranar ita ke karanta mini takardu, ita ke ara mini waya, in ta dafo abinci daga gida da kwanona a ciki. Allah ya saka mata, ya ba mijinta lafiya. Ma'aikatan jinyar ma akwai na kirki. Wata ta koya mini yadda zan goge masa baki da auduga da ruwan gishiri mai ɗumi.

Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, hannuna bai ƙara taɓa fuskar yaron nan ba. Sai ga ni ina tallafe da haɓarsa, ina ɗiga masa kunu da cokali kamar jinjiri. Ranar da harshensa ya fara motsi, abin da ya fara ce mini shi ne, "Inna, ashe kin iya lallashi."

Na ce, "Ci gaba da surutu ka ga ko na iya."

Ya yi dariya har gyambon bakinsa ya fashe.

Mako na biyu ya zo da alheri, ko abin da muka ɗauka alheri ne. Ledar ta fara cika, idonsa ya washe, ya sha kunu rabin kofi da hannunsa. Ranar Juma'a aka bugo wayar Maman Bitrus aka ce Rabi ta sauka lafiya, mace. Ya ce a sa mata sunana. Na ce ya nemi wani, ni ban mutu ba. Ya ce shi dai ya gama magana.

Lahadi Malam Sule ya zo da mutum biyu daga gari, zuwansu na farko, kuma shi ne na ƙarshe. Suka ga yana zaune yana hira. Malam Sule ya ce, "Ba na faɗa ba? Nonon nan ne ya yi aiki, asibiti ta zo ta karɓe yabo. Yaya, ku tattara mu tafi gida, a yi suna da uban yarinya." Ɗaya ya ce shi tun farko bai yarda magani ba ne, sammu ne, don yaron ya fi sa'o'insa samun aiki. Na ce ina tsaye na ga abin da ya amayar, sammu ba shi da launi. Sun zo da rubutu a gora, wannan na karɓa na ba shi, don sunan Allah ba ya ɓaci. Ɗanlami ya tambayi gonar da ya bari. Suka ce inda ya fesa ko tsinke ɗaya bai tsira ba.

Zuciyata ta so tafiya gida, ba zan ɓoye ba. Amma na lura da abu ɗaya: kowa na murna ban da likita. Na tare shi a baranda na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce, "Ƙoda ta dawo, Inna, amma ba ƙoda nake tsoro ba. Ku ƙara kwana, a ɗauki hoton ƙirjinsa." Na koma na ce wa Malam Sule ba inda za mu. Ya ce taurin kaina ne zai cinye sauran geron. Suka tafi kafin la'asar.

Aka yi suna babu shi, babu ni. A wayar Maman Bitrus aka turo hoton jaririyar, ya riƙe ya daɗe yana kallo. A ranar na fara ganin yana hutawa a tsakiyar magana.

Mako na uku numfashi ne. Da farko in ya je bayi ya dawo sai ya yi haki kamar wanda ya yi gudu. Sannan zama ma ya koma aiki. Leɓensa ya yi duhu. A gadon da ke kallon namu akwai wani dattijo da aka sa wa abin shaƙar iska a hanci, da doguwar tukunyar iskar a gefensa. Kwana biyu ina kallon tukunyar nan, ina kallon ɗana yana kokawa da iskar Allah. Rana ta uku na sha gaban likita a ƙofa, na kwance bakin zanena na nuna masa abin da ya rage.

Na ce, "Don ba mu da kowa ne? In kuɗi ne ga shi, in bai isa ba akwai gona. Wancan tsohon an ba shi iska, nawa yaro ne."

Mutane suka fara taruwa. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗaure kuɗinki, Inna. Wallahi ba kuɗi ba ne. Dafin nan a huhu yake taruwa, kuma iska ce abincinsa. In na ƙara masa ita yanzu, kamar na hura wutar da ta kama rumbu ne." Sannan ya ce, "Ranar da kika ga mun kawo masa tukunyar nan, ki sani don ya samu sauƙi ne, ba don ya warke ba."

Na ce, "To in ba shi da makari, me ya sa yake a kasuwa, rumfa ɗaya da ta mai gishiri?"

Ya ce ƙasashe da yawa sun daɗe da hana shi. Mu ma an ce za a hana, amma aka ba masu shigo da shi da masu sayarwa wa'adi su ƙarar da na hannunsu, kuma maganar sai ja take yi.

Sai na tuna. Daminar bara waccan, na ji wannan zancen a rediyon Ɗanlami yana wanke famfo. Na ce masa, "Ka ji fa." Ya ce, "Inna, in da gaske mugu ne ai da sun kwashe shi tuni. Ba ga shi a kasuwa ba?" Ni ma na yarda da hakan. Talaka ba ya karanta takarda. Abin da ya gani a rumfa shi ne halal a wurinsa. Masu wa'adin nan ina da tambaya ɗaya gare su, in takardar nan ta kai inda suke: da kuka ce a ƙarar da shi, a cikin wa za a ƙarar?

Alhamis da hantsi ina goge masa fuska na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Na ɗaga kai, ma'aikaciyar jinya ce ke turo tukunyar, ta nufo gadonmu. Ba ta kalle ni ba. Ɗanlami ya ji iskar ta shiga, ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, kin ga sun ji maganarki."

Na ce, "Sun ji."

Na fita baranda na ce wa Maman Bitrus ta kira mini Malam Sule, ya ɗauko Rabi da jaririya ko da ba a yi arba'in ba. Ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin da ke tsakanin garin su Rabi da titi ya cika, babur bai ƙetare ba. Juma'a suka taso. Bayan la'asar, suna hanya, na ga numfashin ya canja. Na riƙe hannunsa ina yi masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Maman Bitrus na tsaye daga nesa ta haɗa hannuwanta. Kwana ashirin da uku daga kurɓi ɗaya. Share hawayenki, Rabi, ki rubuta, saura kaɗan.

A zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kwanansa ne ya ƙare. Haka ne, ban musa wa Allah ba. Amma daga inda nake zaune ina jin maza a zaure suna zancen tsadar maganin ciyawa, wani ma ya yi sallama da wuri don yana da feshi. Shi ya sa na sa a rubuta wannan. Wanda maganin nan ya shiga bakinsa, ko ɗigo ne, kada a tsaya nono, kada a tsaya manja, kada a ce a ga gobe. A tafi asibiti a lokacin, a tafi da robar da aka zubo shi. In kuma ya ji sauƙi a mako na biyu, kada a yi saurin guɗa.

Bayan addu'ar bakwai gida ya watse. Rabi na gidansu, ɗakin Ɗanlami a rufe, ni kaɗai nake kwana nake tashi. Wata rana da yamma wani maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya yi sallama. Ya ƙara yi mini gaisuwa, ya yi ta murza hula, sannan ya ce ko zan ba shi aron famfon marigayi, tunda yana ajiye.

Na ce, "In ya toshe da me za ka buɗe shi?"

Ya ce, "Ai sai a hura, Inna." Shi da ya ɗauki makarar ɗana.

Na ce ba na bayarwa. Ya tafi yana ganin rowa ce.

Washegari kasuwar Gwaram ke ci. Da na idar da sallar asuba na ɗauki tabarma da sabuwar tsintsiya, na hau babur. Na nemi rumfar masu maganin feshi, na shimfiɗa tabarmata a gefen ta farko, inda robobin lemo ke jere cike da shuɗin ruwan nan. Mai rumfar ya san ni, ya san abin da ya faru.

Ya ce, "Inna, Allah ya jiƙan Ɗanlami. Amma ni fa ba a hana ni sayarwa ba tukuna."

Na ce, "Na sani. Ni ma ba a hana ni zama ba."

Mai saye na farko wani mai feshi ne, da shatin igiyar famfo a kafaɗar rigarsa. Na bari ya biya, ya karɓi robarsa, sannan na kira shi. Na gaya masa ko ni uwar wace ce, na gaya masa kwana nawa aka yi. Na zare tsinke ɗaya daga tsintsiyar na miƙa masa.

Na ce, "In ya toshe, da wannan za ka zungura. Bakinka na cin tuwo ne."

Ya yi 'yar dariya, ya dubi mai rumfa, ya dube ni. Ya ga ba dariya nake ba. Ya karɓa da hannu biyu ya soke a hularsa.

Na zare na biyu, na jira mai zuwa.